Ranar da Yayana Ya Ce Kowa Ma Zai Iya

An fitar da yayana daga Makka saboda magana ɗaya da ya faɗa da Hausa, ni kuma na juya ta Larabci ban ƙara ba, ban rage ba. Abin da ya faru ke nan. Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har kamannin mahaifiyata sun ɓace mini, amma wannan ranar ba ta tafi ba, kuma na san da ita za a sa ni a rami.

Mu maƙera ne daga ƙasar Katsina. Da ƙafa muka taso, ni da Yaya da matarsa da ɗansu na fari yana goye. Mun ratsa Chadi, mun yi shekaru muna cirar auduga a Sudan, sannan muka tsallako teku. Mun binne mutane a hanya. Ba zan ƙirga su ba. Da muka iso Makka, Yaya ya kafa maƙera a unguwar Jarwal, cikin wata rumfar kwano, yana ƙera wuƙaƙe da ƙugiyoyin mahauta da murhu. Ni ba ni da haƙurin zama gaban wuta. Na gangara Jidda na samu aiki a tashar jiragen ruwa, wadda muke kira mina.

A shekarun nan na 1960, manyan jirage da yawa ba sa matsowa gaɓa saboda duwatsun da ke cikin ruwa. Can nesa suke tsayawa, a sauke kayansu cikin manyan kwale-kwalen ƙarfe marasa inji, mu kuma mu jawo su da ƙaramin jirgi mai ƙarfin tsiya. Igiyar da muke ja da ita ta ƙarfe ce, kaurinta ya kusa damtsen mutum. Wani kamfanin Turawa ne ke da jiragen jan. Shi ya tsaya mini na samu iƙama, takardar zama. Yaya ba shi da ita. In na yi masa maganar, sai ya nuna wajen Harami da haɓa ya ce, "Tawa tana hannun Mai Ɗakin." Burinsa ɗaya ne tun muna gida: ya mutu a Makka, a binne shi a ƙasarta.

Da ɗansa ya girma ya yi gemu ya yi aure, ni na nema masa aiki a jirginmu. Ni na kai shi. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari. In na zo gida ran Juma'a sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga maƙera ba, "Mutumin naka yana nan?" In ce yana nan lafiya. Ya ce, "To." Iyakar hirarsu ke nan, ta bakina.

Ranar da hatsarin ya faru hantsi ne, rana tarwai. Muna jan kwale-kwale cike da siminti, iska ta buge shi ya karkata gefe. In abin da kake ja ya karkata, igiya takan bar tsakiyar jirgi ta share bayansa kaf, kamar yadda lauje ke share ciyawa. Duk wanda ya yi aikin ya san wannan, kuma duk tashar an san waɗanda ta ɗauka. Na ji ƙararta. Na yi ihu. Ta ɗauke mini yatsu biyu a hannun hagu, shi kuma ta same shi a ƙirji ta jefa shi ruwa. Da la'asar aka tsamo shi. Muka kawo shi Makka a bayan mota, aka yi masa salla a Harami, aka binne shi.

Yaya bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa kwana uku, yana cewa kowa, "Sai haƙuri," kamar ɗan wani ne ya mutu. Ran na huɗu ya kira ni maƙera. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya miƙo mini ƙusa.

"Zana mini bayan jirgin."

Na zana.

"Igiyar a ina take ɗaure? Ta ina ta zo? Shi a ina yake tsaye?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Kuma ba abin da ke riƙe ta a nan?"

Na ce akan ɗaure ta da wata igiyar, amma in jirgi ya fara kifewa ba mai iya kwance ɗaurin, sai a sare da gatari, in an samu lokaci. Shi ya sa wasu shugabannin jirgi ba sa yarda a ɗaure. Ko dai ta share mutane, ko ta kifar da jirgi. Zaɓin ke nan.

Ya ce, "Tafi."

Daga ranar ya bar wuƙaƙe. Mahauta suka yi ta zuwa suna komawa. Ya sayi tsofaffin ƙarafan mota ya tara. Mutumin da bai taɓa taka jirgin ja ba, wanda ya rantse ba zai sake kallon teku ba, ya zauna a Jarwal inda ko rijiyar kirki babu, yana ƙera wa teku ƙarfe. Yakan ari jakin mai ruwa, ya ɗaura masa igiya da gungumen itace, ya sa a ja a cikin lungu shi kuma yana tsugune yana kallon yadda igiya ke karkata. Maƙwabta suka samu abin kallo.

Wani mai shayi yakan leƙo ya ce, "Sarkin Maƙera, yau jirgin Jarwal zai tashi? A ajiye mini wuri kusa da taga."

Yaya ya ce, "Jirgin ba ya ɗaukar mai bakin da ya fi tukunyarsa zafi."

Matar Yaya ma ba ta ƙyale shi ba. Takan ce mini, "Sarkin Ruwa, ka ja wa ɗan'uwanka kunne. Jiya turmina ya ɗaure wa jaki." Sarkin Ruwa take kirana, don tsokana. Amma ita ce ke yi masa zuga in hannunsa ya gaji, kuma ban taɓa jin ta ce ya daina ba.

Ya kusa shekara yana wannan. Abin da ya fito da shi a ƙarshe ba shi da kyan gani. Ƙarafa biyu ne masu juyawa, irin na bakin rijiya da ake ɗora igiyar guga, Larabawa na ce musu bakara. Igiya tana bi ta tsakaninsu, wani muƙamuƙin ƙarfe ya rufe ta sama, ba ta da hanyar zuwa gefe. Asirin yana wurin kullen. Ya yi shi kamar harshen tarkon da mahaifinmu ke ƙera wa maharba: ɗan ƙarfe ƙarami yana riƙe da nauyin da ya fi raƙumi ɗari, amma bugu ɗaya da guduma ya buɗe, muƙamuƙi ya faɗi baya, igiya ta zame ta ƙarshen jirgi inda ba mutum. Wannan harshen ne ya ci masa shekarar. Wani ya karye. Wani ya ƙi buɗewa. Wani ya buɗe tun ba a taɓa shi ba. Duk wanda ya ƙi, sai ya jefa shi cikin wani akwatin katako ya rufe.

Na ɗauki ƙarfen na kai Jidda. Shugaban jirginmu ya yi dariya, amma injiniyan kamfani, wani Bature dogo mai jan wuya, bai yi ba. Ya zagaya shi, ya tsuguna, ya buɗe ya rufe har ya yi baƙi da mai. Ya sa aka yi babba aka ɗaura a jirginmu. Wata biyu bayan nan iska ta sake buge mana kwale-kwale. Igiya ta yi ƙara, ta nemi gefe, ta rasa hanya. Mu huɗu ne tsaye a inda za ta bi. Duk mun ci abincin rana.

Baturen ya ce yana son ganin wanda ya yi. Shi ba ya shiga Makka, Yaya ba ya zuwa Jidda. Sai muka haɗa su a wata rumfar gahawa a kan hanya, kafin iyakar da wanda ba Musulmi ba ke tsayawa. Baturen ya zo da magatakardan kamfani, wani Basudane mai fara'a. Ta bakinsa ya bayyana mana cewa a ƙasarsu akwai ofishin da ke ba mutum takardar shaidar ƙirƙira. In ka fito da sabon abu, sai a rubuta sunanka, ba wanda zai ƙera irinsa sai da izini. Ya ce zai nema da sunan Yaya, kamfani ya riƙe haƙƙin ƙerawa. In ta fito, kamfani zai buɗe wurin ƙera ƙarfen a sayar wa wasu tashoshi, Yaya ne zai zama babba a wurin, kamfani ya tsaya masa shi da matarsa su samu iƙama. In ba ta fito ba, kowa na iya kwaikwaya, ba dalilin buɗe komai.

Yaya ya saurara. Ya ce, "Tambaye shi, zan iya kwana a Makka?"

Aka ce zai iya, mota na zuwa kullum.

Yaya ya dangwala yatsa a takarda. Baturen nan, Allah ya sani, bai cuce mu ba. Na ga Turawan da suka cuci mutane, shi ba ya cikinsu.

Aka yi fiye da shekara ba labari. Ran nan Basudanen ya kira ni ofis, Baturen na zaune fuskarsa ta fi wuyansa ja. Takarda ta zo. An ƙi. Mai dubawa a can ya ce bakara tsohon abu ne, akwai ta a takardun wani mutum. Kulle mai buɗewa da bugu ɗaya shi ma akwai shi a takardun wani, na ƙugiyar ɗaga kaya. Haɗa biyun kuma, in ji shi, abu ne a fili, duk ma'abocin sana'a zai hango shi ba wahala. Su ba sa ba da takarda don abu yana da amfani. Sai wanda masu sana'ar ba za su iya tunaninsa da sauƙi ba.

Ni ban yi makaranta ba, amma jinina ya hau. Na ɗaga hannuna mai yatsu uku na ce, "In kowa zai iya, ina kowan yake ranar da igiya ta ɗauke mana ɗa? Shekara nawa tana cin mutane a wannan tashar, injiniyoyi na kallo?"

Basudanen ya fassara. Baturen ya buga tebur ya miƙe. Ya ce wannan, wannan ita ce maganar. Za su ɗaukaka ƙara gaban alƙalai uku da ke saman mai dubawa. Abin da alƙalan ke son ji shi ne an daɗe ana bukatar abin ba wanda ya yi, kuma wanda ya yi ya sha wuya, ya gwada ya faɗi, ya sake gwadawa. Amma akwai wani kamfanin da ya shigo yana jayayya, don shi ma yana son ya ƙera. Saboda haka ba za a karɓi labari daga bakin kamfaninmu ba. Za a aiko da tambayoyi daga ɓangarorin biyu, wani marubucin shari'a da ba na kowa ba ya zo Makka, ya rantsar da mu, ya rubuta abin da ya ji, ya rufe ya buga hatimi. Abin da ya shiga takarda ya shiga.

Basudanen ya raka ni har ƙofa. Ya ce, "Ya akhi, ka zaunar da yayanka ka fahimtar da shi. Ranar ba ranar kawaici ba ce."

Na ce to.

Ban yi ba. Na je da niyyar yi. Na same shi yana wasa wuƙa, na ce za a zo a yi masa tambayoyi a kan ƙarfen. Ya ce, "Su zo." Na buɗe baki in ce masa ga yadda zai amsa, sai na ji nauyi. Shi ya goya ni a hanyar Chadi lokacin da ƙafata ta kumbura. Shi ne ubana tun mahaifinmu ya rasu. Ta ina zan fara koya masa magana? Na ce wa kaina ai gaskiya za a tambaye shi, kuma bai taɓa ƙarya ba. Na sha ruwa na koma Jidda.

Suka zo ran wata Talata bayan azahar, marubucin da Basudanen. Marubucin dattijo ne mai tabarau, ɗan gari, ba ya jin Hausa, Larabcin Yaya kuma na ciniki ne kawai. Sai aka rantsar da ni a kan zan fassara daidai. Ba kujera a maƙera. Yaya ya jawo akwatin katakon nan, ya shimfiɗa masa buzu, marubucin ya zauna a kai. Matar Yaya tana bayan labule.

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Sunansa, sana'arsa, shi ya ƙera? Ya ce da ikon Allah. Daga nan aka zo kan na ɗaya kamfanin.

"Ka san bakara kafin ka yi wannan ƙarfe?"

"Wa bai san ta ba? Kowace rijiya akwai."

"Kullen fa?"

"Harshen tarko ne. Mahaifinmu na yi, kakanmu na yi."

Basudanen ya fara motsi a inda yake zaune. Marubucin ya gyara tabarau ya karanta ta gaba. "Shin wani maƙeri mai sanin sana'arsa, in an kawo masa wannan matsala, zai iya yin abin da ka yi?"

Na juya wa Yaya ita da Hausa. Na kalle shi. Na san amsar tun bai buɗe baki ba, domin ita ce amsar da duk mutumin kirki a garinmu zai bayar. Maƙeri ba ya yabon aikinsa. In ka ce wuƙarsa ta yi kyau, zai ce ƙarfen ne mai kyau. In ya yabi kansa a gaban baƙo an raina shi ke nan, kuma yana tsoron baki.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba wani abu ba ne. Kowa ma zai iya. Ni ne ma na yi jinkiri."

Basudanen yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya ɗago ya zuba mini ido. Ina da numfashi ɗaya ko biyu. Zan iya cewa Yaya, sake tunani. Zan iya cewa marubucin, haka mutanenmu ke magana, ku tambaye shi sau nawa ya gwada. Amma na rantse zan fassara daidai, kuma Yaya na zaune. Na faɗa da Larabci kamar yadda ya faɗa. Alƙalami ya bi.

"Ka sha wahala kafin ka same shi?"

"Wahalar me? Alhamdu lillahi."

Na fassara.

Sannan marubucin ya juyo kaina, don ni ma shaida ne. Ya ce, "Kai ma'aikacin jirgi ne, kuma ɗan maƙera. Ka yarda da abin da ɗan'uwanka ya faɗa?"

Maganar da na yi a ofis tana bakina, ko kalma ɗaya ban manta ba. Amma kafin in faɗe ta sai na ƙaryata yayana a maƙerarsa, gaban baƙi, matarsa na ji. Kuma sai na ambaci mutuwar ɗansa a gabansa, abin da shi bai taɓa yi ba. Ni da na tsaya gaban igiyar ƙarfe shekara da shekaru ban gudu ba, a nan na gudu. Na ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka ne."

Basudanen ya rufe fuska da hannu ya ce, "La haula." Marubucin ya karanta mana abin da ya rubuta, muka dangwala, ya buga hatimi. Ya sha shayinsa, ya yaba, ya tafi.

Ko lungu ba su fita ba matar Yaya ta yaye labule. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta kama akwatin da marubucin ya zauna a kai, ta kifar da shi. Harsunan ƙarfe suka zube a ƙasa, karyayyu da lanƙwasassu, sun fi ashirin.

Ta ce, "Malam, waɗannan fa? Kowa ne ya yi su? Kowa ne ya ƙone hannu har ya kasa ɗaga loma? Mutumin a kansu ya zauna!"

Yaya ya ce, "Mayar da su."

"Ba zan mayar ba." Ta juyo kaina. "Kai kuma, Sarkin Ruwa, ina bakin naka? A kan tuwo ka iya gardama."

Yaya ya tsuguna yana tsince su ɗaya-ɗaya. Can ya ce, a hankali, ba ya kallon kowa, "So kike in zauna gaban baƙo in yi alfahari da ƙarfen da sai da wancan ya mutu na yi shi? Da ni gwani ne, da na yi shi tun yana da rai."

Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Baturen ya yi ƙoƙari. Ya rubuta wa alƙalan cewa al'adar mutanenmu ce, ya nemi a sake zama. Aka ce an rufe karɓar shaida. Bayan watanni hukunci ya zo, Basudanen ya karanta mini. Alƙalai biyu sun ce ba su da abin ƙarawa a kan maganar mai ƙirƙirar da kansa, wanda ya rantse cewa duk maƙeri zai iya, ɗan'uwansa ma'aikacin jirgi kuma ya tabbatar. Na ukun bai yarda da su ba. Ya ce in da sauƙi ne da an yi tun tuni. Amma biyu sun fi ɗaya. Ban riƙe su a zuciya ba. Abin da muka ba su da shi suka yi aiki.

Ba a buɗe wurin ƙira ba. Kafin shekara ta zagayo na fara ganin ƙarfen a bayan jiragen wasu kamfanoni, an yi masa fenti, an buga masa sunaye da boko. Aka mayar da Baturen wata ƙasa. Na roƙi wanda ya gaje shi ya ɗauki Yaya ko a mai gadi ne, ya ce ya tsufa.

Bayan aikin Hajji na shekarar aka yi binciken waɗanda ba su da takarda, kamar yadda akan yi. Aka tare Yaya a hanyar kasuwa da wuƙaƙe a buhu. Na bi duk inda zan bi, ba abin da ya yiwu, doka ce. Matarsa ba a kama ta ba. Ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta ba matata turminta, ta je ta miƙa kanta. Ta ce tare suka zo.

Jirgin da zai kai su Sudan a waje ya tsaya, kamar sauran. Sai an ɗebi mutane a kwale-kwale an ja su zuwa wurinsa. Jirginmu aka ba aikin. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba. Da safe ne. Na sa igiya tsakanin bakarorin na rufe muƙamuƙi, na ɗaga kai, sai ga Yaya a gaban kwale-kwalen, zaune a kan ƙullin kayansa, matarsa a gefe. Ba teku yake kallo ba, ba ni yake kallo ba. Ƙarfen yake kallo. Ranar ya fara ganinsa yana aiki.

Muka yi ta ja. Iska ta ɗan taso, kwale-kwalen ya karkata, mata suka yi salati. Igiya ta nemi gefe, ƙarfen ya riƙe ta. Na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Da muka isa gindin babban jirgin aka rage igiya, suka matso har muna jin juna. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Ƙarfen hagun yana kuka. Ba ka sa masa mai ne?"

Na ce, "Zan sa, Yaya."

"Kullum. Gishiri na cin sa."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Na san abin da suke nema, ban faɗa maka ba."

Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Sannan ya kira sunan ɗansa. Tunda aka haifi yaron ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Ya ce, "In ka bi ta maƙabarta ka yi masa sallama. Ka ce na so in kwanta kusa."

Shugaban jirgi ya yi ihu a saki. Aikina ne. Na ɗaga guduma na bugi harshen sau ɗaya. Ya buɗe ba gardama, yadda ya ƙera shi. Igiya ta zame ta bayan jirgi, muka juya.

Da Hajji mai zuwa wani mutumin Katsina ya neme ni a Jarwal da saƙon matar Yaya. Yaya bai kai gida ba. A wani ƙauye a Sudan ya kwanta rashin lafiya, kwana shida, a can aka binne shi.

Na yi shekara goma sha ɗaya a jirgin bayan nan. Igiya ba ta sake taɓa kowa a bayansa ba. Sababbin ma'aikata sukan jingina da ƙarfen suna shan shayi, in ka tambaye su wa ya yi, su ce Turawa. Da farko nakan yi shiru. Daga baya na daina. Duk wanda ya hau jirgin sai na tsayar da shi na ce masa wani maƙeri ne a Jarwal, ya yi shekara yana yi, ya karya fiye da ashirin, kuma ba kowa zai iya ba. Wasu su ce ma sha Allah, wasu su ɗauka rana ta taɓa ni. Na faɗa sau ɗari a inda ba ta da amfani, don na kasa faɗa sau ɗaya a inda take da shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ban ce a yar ba. Amma in an rantsar da kai an ce faɗi abin da ka sani, rage gaskiya ma ƙarya ce, ko da ladabi ka rage ta. Yaya yana da dalilinsa na yin shiru. Ni ba ni da shi. Nauyin yayana na ji, na bar shi ya faɗi.

Yanzu na tsufa, ba na gani sosai. Ina nan Makka, a wani ɗaki a unguwar Shisha wurin 'ya'yana, don Jarwal ɗin da na sani an rushe. Ina da takarda, ba mai tare ni a hanya. Akwatin yana ƙarƙashin gadona da harsunan a ciki. Kabarin da yayana ya taho nema da ƙafa tun daga Katsina, ni zan samu.